Ragon Suna a Ƙarƙashin Ƙanƙara

Mun tashi da asuba ranar Asabar, garin Greensboro yana barci, sanyi kuwa idonsa biyu. Mu uku ne da rabi: ni, da maigidan, da wani Malami ɗan Maraɗi mai motar, sai rabin, wato yaron nan da na goya na lulluɓe da kwat ɗin ubansa. Ku da kuke gida kun san ɗan fari ne, bakina ba ya kama sunansa, hannuna ma ba zai kama ba. Kun dai san wanda nake nufi.

Abin da ya fitar da mu rago ne. Yaron nan ya fara koyon zama, amma har ranar ba a yanka masa ragon suna ba. An yi masa huɗuba, an raɗa suna, an raba dabino, rago dai shiru. A ƙasar nan ba a ganin dabba da ƙafafunta a kasuwa, sai nama a cikin leda, an sa masa lamba kamar ɗan kurkuku. Ranar suna maigidan ya shigo da cinyar tunkiya daga kanti, wai mu yi maneji. Na ce wa ya yanka, da sunan wa? Mutumin da ya baro gida don karatun dabbobi, littafinsa cike da hotunan shanu, amma ko kaza ba mu da ita.

Inna kuma ba ta bar ni na sha ruwa ba. Duk kaset ɗin da ta aiko, bayan gaisuwa sai maganar rago. A na ƙarshe ta ce ta daina zuwa suna a unguwa, don mata suna tambayarta naman jikanta na Amurka. Ta ce yaron da ba a zubar masa da jini ba sunansa yana rataye ne, bai sauka a kansa ba. Maigidan ya ce wannan maganar tsofaffi ce. To, shi yana barci. Ni ce nake tashi ina taɓa goshin yaro. Ga shi wani Alhaji zai tafi gida ƙarshen wata, kuma na san ƙafarsa ta farko gidanmu ce.

Da kaka makarantar su maigidan ta kai su wata gona can cikin duwatsu, wajen iyakar Virginia, inda wani tsohon Bature yake kiwon tumaki. A nan ya ga rago mai ƙaho, da wutsiyarsa cikakkiya. Kada ku raina wannan. Tumakin nan tun suna ƙanana ake guntule musu wutsiya, yawancinsu kuma ba ƙaho, kai sumul kamar an yi musu aski. Ni kuwa na ce yaron nan ba za a yanka masa guntu ba. Maigidan ya yi magana da tsohon, suka yi musafiha, ya ce duk ranar da muka shirya mu zo.

Yanzu ga wautar da muka yi. Tun ranar Alhamis rediyo yake cewa dusar ƙanƙara ta sauka a duwatsu, kuma wata tana tafe. Da muka fito, Malam ya tsaya bakin mota ya dubi gabas, ya daɗe yana duba. Ba hadari, ba walƙiya, ba ko iskar nan mai ƙamshin ƙasa. Sama fari fat kamar an shanya zanen gado.

"Bon," in ji shi da Faransancinsu na Maraɗi, "wannan ba saman ruwa ba ne. Masu rediyo su ma abinci suke nema."

Maigidan ya duba, ya yarda. Ni ma na duba, don a garinmu ko yarinya ta san hadari, na yarda. Mu uku muka haɗu muka karanta saman Amurka da idon Katsina da Maraɗi.

Muka bi High Point Road, filayen sayar da motoci a jere, fitilu suna ci ba kowa. Muka hau babbar hanya ta yamma. Hanyoyinsu dai ba a magana, ko rami ɗaya, har mutum ya yi kewar gargada don ta hana direba gyangyaɗi. Motar Malam doguwa ce kamar kwalekwale, tana shan mai kamar raƙumi ya dawo daga sahara, hitarta kuma ƙafar direba kaɗai take sani. Na sa safa uku, biyu na maigidan. Kowace 'yar tafiya sai na zura hannu baya na taɓa hancin yaro in ji ko yana numfashi. Malam ya hango ni ta madubi.

"Madam, ki bar masa hancin nan, zai buƙace shi in ya girma."

Na ce ni ba shi nake dubawa ba, ɗaurin zane nake gyarawa. Suka yi dariya su biyu.

Wajen Winston-Salem iska tana warin taba, kamar an buɗe jakar Kaka. Bayan nan gari ya ƙare, sai gonaki da jajayen rumbuna na katako, da coci a kowace kwana. Muka tsaya shan mai a wani ƙauye. Akwai ɗakin abinci a jiki, maigidan ya shiga tambaya, ya fito yana girgiza kai: wake da alade, ganye da alade, burodin ma da kitsensa aka murza. Abin da ya tsira wani farin abu ne na masara da suke ci da safe, ba kunu ba, ba tuwo ba, kamar an fara tuƙi aka yi baƙo aka manta. Kuɗin kwano ɗaya a gida ya ciyar da mu duka har da maƙwabta. Na buɗe kula na fito da ƙosan da na soya, da filas na kunun kanwa. Ku riƙe kunun nan a ranku, zai dawo.

Da muka fara hawa dutse, sai na ga wani abu ya sauka a gilashi kamar gashin kaza. Wani ya biyo. Ba tsawa, ba ƙara, ba sallama. Ruwan garinmu namiji ne, yana aiko da iska ta share masa hanya, yana buga ganga kafin ya iso. Wannan kuwa kamar munafuki, a hankali yake zuwa yana murmushi, kafin ka juya ya cinye hanya. Malam ya ce bari mu fake ƙarƙashin itace ya ɗauke. Muka fake. Muna zaune muna kallo tayoyi suka fara nutsewa. Maigidan ya ce in muka ƙara jira mu ma sai an tono mu. Muka ci gaba, motar tana rawa da ƙugu, ni ina karanta duk abin da na haddace, har da addu'ar shiga kasuwa.

Bakin hanyar gonar motar ta ce ita nan ta tsaya. Muka taka. Ƙanƙarar kwana biyu tana ƙasa, sabuwa tana sauka a kai, ƙafa tana shiga har gwiwa. Ba gida ko ɗaya a kusa, sai duwatsu da baƙaƙen itatuwa tsirara.

A nan dariya ta ɗauke mini. Gefen shinge an jera wasu abubuwa farare, na ɗauka buhunan auduga ne. Da muka matso na ga ƙafafu. Tumaki ne, matattu, sun sandare kamar itace, wasu da ciki, wasu da 'ya'yansu a gefe. Hankaki suna zaune a kan shinge suna jira. Rabona da ganin irin wannan tun shekarar fari, lokacin da shanun Fulanin bayan garinmu suka riƙa faɗuwa a hanyar rijiya. Can rashin ruwa ya kashe, nan ruwa ne ya daskare ya kashe. Malam ya cire hula ya mayar, ya ce, "Innalillahi. Duk wannan mushe! Ba wanda ya sa musu wuƙa?"

Tsohon ya fito daga bayan rumbu da shebur a kafaɗa, dogo, ya ranƙwafa, idonsa ja, yana taunar taba. Ya gane maigidan. Abin da ya faɗa, maigidan ya juya mini: iska ta taso da dare, tumakin suka bi ta suna neman mafaka har suka taru jikin shingen ƙasa, ƙanƙara ta rufe su a nan. Shi da matarsa kaɗai ne, 'ya'yansu suna birni, waya ta yanke. Tun shekaranjiya yake tono. Ragonmu kuwa bai gan shi ba, ba cikin masu rai ba, ba cikin matattu ba.

Allah Ya yafe mini, a gaban mutumin da ya rasa rabin garkensa, abin da ya fara zuwa raina muryar Inna ce.

Tsohuwar ta ja ni cikin gida. Gajeriya ce mai faɗi, da rigar mijinta. Ta dube ni, ta dubi tudun da yake bayana ƙarƙashin kwat, ta sassauta murya irin ta tausayi, ta kawo mini kujera mai laushi. Ashe ta ɗauka doro ne da ni. Sai doron ya yi atishawa. Ta yi tsalle ta kira Yesu. Da na kwance goyo ta ga yaro, ta zauna tana dariya har da hawaye, dariyar farko a gidan tun ranar Alhamis, in ji mijinta daga baya.

Kicin ɗinta kuwa turke ne. Murhun ƙarfe yana ci da itace, 'yan tumaki marayu ko'ina: cikin kwali, cikin kwando, cikin aljihun tebur, ɗaya ma a ƙofar tanda ta buɗe masa. Na ga wannan na ce a raina, ashe za a ci gashi. Ba gashi ba ne, ɗumi take ba shi. Turancina bai wuce tankiyu da sori ba, Hausarta ba ko ɗaya, amma ta miƙo mini bulumboti na karɓa, ta nuna baki na gane. Uwa ba ta buƙatar tafinta.

Maza suka tafi tono. Na kasa zama, na mayar da goyo na bi su daga baya, tsohuwar tana kira. Yadda suke yi shi ne, karen tsohon yana shinshina, in ya tsaya ya yi haushi, sai a duba a ga ɗan rami mai launin ruwan ɗorawa, nan numfashin dabba ya huda. Sai a zura sanda a hankali, in ta taɓa laushi a haƙa. Maigidan da takalmin makaranta, Malam da babbar riga a kan suwaita biyu, ya naɗe ta a wuya, yana haƙa yana faɗuwa. Sun fito da tumaki da dama, wasu suka girgiza jiki suka kama tafiya kamar ba su ba. Biyu sun karye, tsohon ya tafi ɗauko bindiga, Malam ya riga shi da wuƙa da bisimilla. Tsohon ya tsaya ya ga yadda aka yi, ya gyaɗa kai.

Wajen azahar kare ya tsaya can ƙarshen shinge. Shebur ya bugi wani abu ƙwas. Ƙaho. Na san shi tun ban taɓa ganinsa ba. Suka jawo shi, ƙato, gashinsa duk ƙanƙara, wutsiyarsa har ƙasa yadda aka faɗa mini, amma ido a juye, ƙafa ba ta motsi, numfashi sai an kasa kunne.

Malam ya zaro wuƙa. "Ku juya shi gabas! Maza, kafin ya tafi! Yaro, kawo yaro, a ambaci suna!"

Maigidan ya ce, "Malam, ragon suna ai sai lafiyayye."

"Lafiyayye ne, sanyi yake ji! Ni ma sanyi nake ji, mara lafiya ne ni?"

"To in an yanka bai shura ba fa?"

Malam ya tsaya da wuƙa a sama. Ya dubi ragon, ya dubi sama, ya ce gaskiya in bai motsa ba akwai magana. Ni kuwa na hango kaina ina yi wa Inna kaset ina cewa an yanka, alhali ban sani ba ko rago aka yanka ko gawa. Ban san lokacin da na shiga tsakaninsu ba.

"Malam, mayar da wuƙar nan. Ɗana ba zai ci suna da shakka ba."

Ɗana, na ce, da bakina, a gaban maza. Malam ya buɗe baki ya dubi maigidan: "Ka ji? Yau ta amsa nata ne."

A kan tsohuwar ƙofa suka ɗauko shi har kicin. Maigidan ya ce a littafi an hana kai shi jikin wuta kai tsaye, tsohuwar ta ce haka ne, aka shimfiɗa shi nesa kaɗan. Ta kawo tawul da ruwan zafi. To, nan ne hannuna ya tuna abin da ya sani. Kun san ni da na haihu a ƙasar nan ba wanda ya yi mini wankan jego. Kwana biyu aka sallame ni daga asibiti da ƙwayoyi a takarda, ba ganye, ba tukunya, ba gwaggo mai faɗa. Duk wankan da aka ci mini bashi, ragon nan na yi wa. Na tsoma tawul na matse, na gasa masa ƙirji, na gasa ciki, na murza ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ina yi ina masa faɗa yadda Gwaggo take yi wa masu jego: tashi, raggo, wa ya ce ka bi mata cikin shinge? Na shafa masa man zafi a hanci. Tsohuwar tana riƙe da yaro tana kallo, tana cewa wani abu da na ɗauka addu'a ce.

Da ya fara haɗiyar yawu na tuna filas. Kanwar da Inna ta aiko mini don jego, wadda nake tsimi kamar zinariya, ita ce a kunun. Aka ɗura masa da cokali, kaɗan kaɗan. Tsohon ya ɗanɗana da yatsa ya yamutsa fuska, ya ce in wannan bai tashe shi ba, ba abin da zai tashe shi.

La'asar sakaliya ina tsugune ina murza masa wuya, sai na ji ni a ƙasa, ƙafafuna a sama. Ya tashi. Godiyar da ya fara yi ke nan, ya tunkuye ni, ya tunkuyi kwandon marayu, ya bi Malam har bayan ƙofa. Malam yana ihu, "Lafiyayye ne! Na shaida, lafiyayye ne!"

A gidan muka kwana, hanya ta toshe. Aka ba mu burodin masara da madara da dankali, tsohuwar ta rantse da hannu a ƙirji ba alade.

Da safe rana ta fito, duniya tana ƙyalli har ido ba ya buɗuwa. Tsohon ya ɗauro wa ragon igiya ya kawo, ya miƙa wa maigidan. Na leƙa garken da ya rage. Na duba, na sake dubawa. Duk mata ne. Na ce wa maigidan ya tambaya ina sauran mazan. Tsohon ya nuna shinge da haɓa, wajen da aka jera na jiya. Raguna uku gare shi, biyu suna can. Ya ce ba komai, magana magana ce, ya riga ya ba da hannu. Tsohuwar ta juya tana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Malam yana wasa wuƙa a dutse. Maigidan ya dube ni, don ya san wata huɗu ba a ci abinci da daɗi a gidanmu ba saboda ragon nan. Ni kuma na tuna bayan fari, yadda Baba ya yi tafiyar yini don aron rago, saboda garken da ba namiji garke ne na shekara ɗaya. Na dubi ragon, yana warin man zafina. Na karɓi igiyar daga hannun maigidan na mayar wa tsohon.

Malam ya ce, "Madam, kin yi masa jego ne don ki aurar da shi?"

Na ce e, ga matansa can suna jira.

Tsohon ya daɗe yana kallon igiyar. Ya tofar da taba, ya shige rumbu. Tsohuwar ce ta shiga kicin ta fito da wanda na gani a ƙofar tanda, ɗan rago, namiji, ɗan wancan ne, uwarsa tana cikin na shinge. Ba a kai ga wutsiyarsa ba. Ta sa mini shi a hannu, ta ɗora bulumboti a kai, ta nuna shi, ta nuna yaron da ke bayana. Malam ya yi fatawa nan take: wannan ba ya yanku sai ya girma, amma niyya ta sauka, rago ya tabbata na mai shi.

Tsohon ya jawo motarmu da tarakta har bakin kwalta. Muka sauko a hankali, naman tumakin nan biyu a but don rabo, ni a baya, ɗaya a goye ɗaya a cinya. In wannan ya yi kuka wancan ya amsa. Wajen mai, wata mata ta leƙo ta ce bebi, ta ga kai mai gashi, ta tafi ba ta ƙarasa ba.

Mun iso Greensboro da magariba. Kwana uku ɗan ragon ya yi a bahon wankanmu, maƙwabciyarmu ta ƙasa tana tambaya ko yaron mura yake yi, muryarsa ta canza. Yanzu yana McLeansville wajen wani Alhajin daban mai fili a bayan gida, muna zuwa duba shi ranar Lahadi. Ƙaho ya fara tsiro.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, na farko, in rediyon ƙasar mutane ya yi magana a saurara, sama ba yare ɗaya take yi ba. Kuma makiyayi ɗaya ne ko'ina, ko da wace irin hula, yadda yake tsayawa a kan matacciyar dabbarsa iri ɗaya ne. Sauran ban gama tunaninsu ba.

Alhajin nan mai tafiya ƙarshen wata ya tafi gida da hoto da kaset. A hoton su biyu ne a kan tabarma, kowa da bulumbotinsa. A kaset na ce: Inna, ki koma zuwa suna. Duk wadda ta tambaye ki naman jikanki, ki ce mata ragonsa yana nan da ƙahonsa da wutsiyarsa, sai dai a yi haƙuri, daga shi har mai shi ba a yaye kowa ba tukuna.